Battar Shayi da Gudumar Sukari: Kayan Gadon da Ke Salwanta a Damargu

A Tanut da Balbeji, da ƙauyuka da rugagen da ke tsakaninsu, ba a tambayar baƙo ko zai sha shayi. Yana zama ake hura gawayi. Bahaushe da Ba'abzine, Bafillace da Babarbare da Balarabe, kowa ya san ƙa'idar: dahuwa uku, ta fari mai ɗaci, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku mai zaƙi, kuma ba a tashi sai an kammala. Shayin yana nan, har ya fi da yawa, domin da wuya ka ga fadar matasan da ba ta da butarta. Abin da ya tafi shi ne kayan shayin. Yau ganyen yana zuwa cikin ɗan kwali, sukari a ƙulle cikin leda, buta kuwa ta kasuwa ce, in ta huje a yar da ita a sayo wata. A zamanin iyayenmu da kakanninmu, ganye da sukari da finjali kowanne yana da mazubin da aka yi masa da hannu, kuma an san mai hannun.

Na daɗe ina bibiyar waɗannan tsofaffin kaya. Wanda aka fitar kasuwa nakan saya in da hali, wanda yake ajiye a gida kuma nakan roƙi a nuna mini, in zauna in ji labarinsa. Abin da wannan bibiya ta koya mini shi ne, babu inda ya fi dacewa da kayan nan kamar gidan da suka fito, kuma rabin darajarsu tana bakin tsofaffin da suka san yadda aka same su.

Yadda ganyen ya iso mana

Damargu ƙasar hatsi ce a bakin hamada, kuma kan hanya take. Ayarin Abzinawan Kel Owe da ke ɗauko gishiri daga Bilma da Fachi nan yake sauka ya sayi gero kafin ya wuce Damagaram da Kano. Cikin irin wannan ayarin ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Damargu a watan Janairun 1851, kuma a Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, bayan 'yan kwanaki ya rabu da ɗayan, Overweg, kowa ya kama hanyarsa. A wancan lokaci shayi bai zama abin shan mutanen ƙasar nan ba.

Koren shayin da muke dafawa daga ƙasar Sin yake fitowa. Turawan Ingila ne suka riƙa kai shi Maroko, inda ya fara zama abin fada da gidajen attajirai. Bayan yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ya wadata a tashoshin jiragen ruwa irin su Tanja da Sawira, har ya kai hannun talaka. Daga can, da kuma daga Tarabulus, ya gangaro cikin Sahara a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Fataken Gadamas da ke bin hanyar Gat da Abzin da Damargu zuwa Kano suna kawo tufafi da takarda da duwatsun ado da sukari da shayi, su koma da gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu. Wannan hanya ta mutu bayan 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano, Italiya kuma ta auka wa Tarabulus. Daga nan kaya suka riƙa zuwa ta kudu da ta kantunan kamfanonin Turawa.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye. Duk dillalin da ya ɗaga maka butar shayi ya ce shekararta ɗari uku a Damargu, ka san ya zarce. Kayan shayinmu mafi tsufa ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, yawancinsu ma na tsakiyar ƙarni na 20 ne. Wannan bai rage musu komai ba. Shaida ne na lokacin da ganye da sukari ke da tsada, sai mai hali, sai ranar baƙo.

Batta

Abin da aka sha wahala kafin a samu ba a ajiye shi ko'ina. Mazubin da na fi ƙauna cikin duka shi ne batta, irin wadda ake yi a Agadas da Ingal. Ta girmi shayi a ƙasar nan, domin tun da can ana zuba turare da taba da kayan adon mata a cikinta. Da ganyen ya zo sai ya samu gida a shirye.

Aikinta abin mamaki ne. Mai sana'ar yakan siffanta laka daidai girman battar da yake so, ya bar ta ta bushe. Sai ya jiƙa ɗanyar fata wadda ba a jeme ba, ya kankare ta har ta yi laushi, ya lulluɓe lakar da ita yana shafewa da yatsa. In ta bushe, sai ya murza kakin zuma siri-siri kamar zare, ya liƙa shi a jikinta bisa zanen da ya tsara, ya tsoma ta cikin jan rini na karan dafi. Inda kaki ya rufe rini ba ya kamawa. Idan aka ɓamɓare kakin sai zane ya fito fari-fari a kan ja. Daga ƙarshe a farfasa lakar a zazzage ta, a bar fata ita kaɗai, ba ɗinki, ba gami.

Tawa ta farko a gida na same ta, ta kakata ce. Girmanta bai fi dunƙulen hannu biyu ba, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Jan ya dushe ya koma ruwan ƙasa, gefen murfin ya yi baƙi ya yi santsi daidai inda babban yatsa ke turawa. In ka ɗaga ta saitin rana sai ka ga haske yana ratsa fatar, zanen ya fito ɗaya bayan ɗaya: layuka, da kusurwoyi, da 'yan ɗige-ɗige a jere. Murfin yana shiga daram, sai ka ɗan murɗa kafin ya buɗe, kuma har yau in ka kai hanci za ka ji ƙamshin ganye a ciki. Ina yaro na taɓa ce mata, "Kaka, ga gwangwani nan da yawa, me ya sa ba ki zuba shayin a ciki?" Ta ce, "Kai ango, gwangwani ai na kowa ne. Wannan kakanka ya zo da ita daga Agadas, shekarar da aka haifi ubanka." Da wannan magana guda na san inda aka yi battar, da wanda ya sayo ta, da shekarunta. Da a kasuwa na tsince ta, da babu ɗaya cikin ukun da zan sani.

Jaka da kwaɗo, guduma da buta

Batta ba ta tafiya ita kaɗai. Matafiyi yana da jakar fata ta kayan shayi, aikin dukawa ko na matan maƙeran Abzinawa. Fatar akuya ce da aka jeme da bagaruwa, aka rina ja, aka yi mata ado da baƙi da rawaya da koriyar fatar nan mai tsada wadda ake samun launinta daga tagulla, ga tuntaye suna reto. A ciki akwai ganye, da kantun sukari naɗe cikin shuɗiyar takardarsa, da akwatin finjali mai ɗaki-ɗaki don kada gilashi ya bugi ɗan'uwansa a bayan raƙumi.

Bakin jakar kuwa kwaɗo ne ke tsare da shi, kuma kwaɗon Abzinawa shi kansa abin kallo ne. Cikinsa baƙin ƙarfe, bayansa an lulluɓe da tagulla da jan ƙarfe, an zane shi tsaf. Ba murɗa mabuɗinsa ake yi ba, turawa ake yi ya matse 'yan ƙarafunan ciki su saki. Akwai wanda sai an bi mabuɗi biyu ko uku a jere, na farko ya zame wani marfi ya tona ramin na biyu. Wanda bai san sirrin ba, ko an ba shi mabuɗan sai ya wuni yana juyawa.

Kantun sukari yana da tauri, don haka aka yi masa guduma tasa. Wadda ke wurina ta tagulla ce, tsawonta kamar taƙi guda. Kanta gefe ɗaya mai faɗi ne, ɗaya gefen an lanƙwasa shi kamar ƙahon rago, an yi wa ƙotar zobba na jan ƙarfe. Fuskar da ke bugun sukari ta lotsa ta yi 'yan ramuka, zanen tsakiyar ƙota kuma ya kusa shafewa saboda riƙo. A da, ƙarar wannan guduma sanarwa ce. Maƙwabci in ya ji ƙwas-ƙwas daga zaure ya san an yi baƙo, ya ɗauko takalmansa.

Buta ta fi kowanne tafiya mai nisa. Tsofaffin butocin kuza masu dogon murfi samfurin Maroko ne, wasu ma a Ingila aka ƙera su don kasuwar Maroko. Sunan Richard Wright na birnin Manchester ya shahara a kan irin waɗannan kaya, har mutanen Fas suka ɗauki tambarinsa alamar nagarta. Idan irin wannan buta ta shigo Sahara, maƙeri yakan ƙara mata nasa: ya liƙa mata tagulla a baki da murfi, ya sake mata mariƙi. Bayanta ne 'yar shuɗiyar butar nan mai fenti ta zo ta cika kasuwa. Ita ma tsohuwarta, wadda aka yi wa faci aka ɗaure murfinta da waya, ba abin yarwa ba ce.

Ba mu kaɗai muka kulle shayi ba

A Ingila ta ƙarni na 18 harajin shayi ya kai kashi 119 cikin ɗari, sai a 1784 gwamnatin William Pitt ta sauke shi zuwa 12.5. Saboda tsadarsa, uwargida takan zuba shi cikin ƙaramin akwati mai makulli, ta riƙe mabuɗin a jikinta. An yi waɗannan akwatuna da katako mai daraja, da azurfa, da tangaran, da ƙoƙon bayan kunkurun teku, da hauren giwa, wasu an sassaƙa su da siffar 'ya'yan itace. A yau akwai masu tara su, ana baje su a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, kuma mai kyau daga cikinsu yakan kai dubban fam a wurin gwanjo. Na hauren giwa da na kunkuru kam doka ta takura cinikinsu: tun 1989 aka hana fataucin haure tsakanin ƙasashe, Birtaniya kuma ta ƙara tsaurara tata dokar daga 2022.

Japanawa sun fi kowa nisa. Suna da 'yan tuluna na garin shayi da ake raɗa wa suna kamar mutane. Akwai ɗaya mai suna Tsukumo Nasu, wanda aka miƙa wa jarumin yaƙi Oda Nobunaga a 1568, ya bi hannun masu mulkin da suka biyo bayansa, yana nan a Tokyo har yau. Tulun zai zauna a tafin hannu. Abin da ya ɗaukaka shi, an san duk hannun da ya ratsa, an rubuta an adana.

Wannan shi ne abin da masu tara kaya na ko'ina suke nema: abu yana yadda yake, ba a sake masa kama ba, kuma an san asalinsa. Battarmu da kwaɗonmu ba su gaza akwatin Ingila a gwaninta ba. Rubutun ne muka rasa.

Yadda suka bar gida

Ba sakaci kaɗai ya fitar da kayan nan ba. Farin 1973 zuwa 1974 ya karkashe dabbobi, na 1984, wanda mutanenmu ke kira El-Buhari, ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Makiyaya suka gangaro garuruwa hannu wofi. Wanda 'ya'yansa ke kuka da yunwa ba ya tsayawa lissafin gado. An sayar da sirdi da takobi da azurfar mata, an sayar da jaka da kwaɗonta a kan 'yan tiyoyin hatsi. Babu mai zargin wanda ya yi haka. Dillalai suka kwashe suka kai Agadas da Yamai da Kano, lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa, daga can kaya suka haye teku. Shi ya sa a yau ya fi sauƙi ka ga kyakkyawar gudumar sukari a gidan tarihi na Faransa ko na Amurka da ka gan ta a Gangara ko Ollelewa, kuma takardar da ke gefenta sau da yawa ba ta ɗauke da sunan maƙerin ko na garinsa.

Yanzu masu yawon buɗe idon sun ɗauke ƙafa, amma asarar ba ta tsaya ba. 'Yan gwangwan suna bi gida-gida suna sayen tagulla a kan sikeli, a kai a narke. Na taɓa tarar da kwaɗo mai mabuɗi uku cikin tarin ƙarafa a gaban wani mai saye, an riga an buge shi da guduma don a raba tagullar da baƙin ƙarfen. Aikin da ya ci wa maƙeri kwanaki, an auna shi da nauyi. Ga kuma gara da ɓera da ɗigar damina. Ga rabon gado, inda ɗaya zai ɗauki buta, ɗaya faranti, mabuɗi ya bi wani gari ya bar kwaɗonsa. Ga gyaran ɗaki, inda ake tattara “tarkacen tsohuwa” a zuba a bola kafin a yi sadakar arba'in.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, wadda ta sa sharaɗin neman izini kafin a fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa. Muna da gidan tarihi na ƙasa a Yamai tun 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, akwai kuma na jiha a Damagaram. Amma doka ba ta shiga ƙuryar ɗaki. Abin da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa, 'ya'yanta da jikokinta ne kaɗai za su iya tsare shi.

Gane na gaske, da riƙe shi

Wanda ke son fara tarawa, ya fara da gidansu, sannan dangi, kafin kasuwa. In ya je kasuwa ya bar idonsa ya bi inda hannu ke bi. Tsohon abu yana cinyewa ne a wurin riƙo: ƙota, bakin murfi, ramin mabuɗi, gindin buta. Sabon da aka turara da hayaƙi ko aka binne don ya yi kama da tsoho, baƙinsa bai ɗaya ne ko'ina, gefunansa kuma da kaifi. A juya buta a duba tambarin gindinta. A shinshina batta da jaka, domin ƙamshin shekaru dabam yake da warin hayaƙin jiya. Gudumar alminiyom ba ta kai ta tagulla tsufa ba, don wannan ƙarfe bai wadata a hannun maƙeranmu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Faci kuwa ba aibi ba ne, shaida ce cewa an yi amfani da abin kuma an ƙi rabuwa da shi.

Wajen adanawa, kuskuren da aka fi yi shi ne son a ga abu yana walƙiya. Kada a dirje tagulla da toka ko yashi ko tsamiya, domin zane ne ake kankarewa. Ƙyalle mai laushi ya isa. Kada a shafa wa batta mai, kada ruwa ya taɓa ta, kada a bar ta a rana. Fata tana son iska, don haka a naɗe ta cikin tsumma mai tsabta, ba cikin leda ba, a ɗora a sama inda gara ba ta kaiwa, a riƙa dubawa musamman da damina. A ɗaure mabuɗi a jikin kwaɗonsa. Tsohuwar butar da aka liƙe da darma a daina dafa shayi a cikinta, domin darma guba ce, ta fi cutar da yara. In an zo rabon gado, gara mutum ɗaya ya riƙe kayan shayin gaba ɗaya a matsayin amana, ya biya sauran haƙƙinsu, da a warwatsa su.

Mai saye kuma ya ji tsoron Allah. In ka san darajar abu, mai shi bai sani ba, kuma buƙata ce ta fito da shi, to ka faɗa masa gaskiya ka biya shi daidai. In da yadda za ka taimaka masa ya riƙe abinsa, wannan ya fi.

Masu hannu suna nan da rai

Tara tsoho ba zai yi amfani ba in sana'ar ta mutu. Har yanzu akwai maƙera da dukawa a kasuwanninmu, akwai matan da suka iya yanka fata da rini kamar yadda iyayensu suka yi. Abin da suka rasa shi ne mai saye. Wanda zai aurar da ɗa ko 'ya yana iya sa a yi masa jakar kayan shayi, ko faranti mai zane, ya tambayi sunan mai aikin ya rubuta. Ya kai wa maƙeri tsohon kwaɗo ya gani, don yaron da ke zuga masa wuta ya san abin da kakanninsa suka iya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Burina shi ne wata rana a samu ɗaki guda a Tanut, ko a makaranta ko a gidan al'adu, inda iyalai za su ba da aron kayansu a nuna wa yara, kowanne da sunan gidan da ya fito da na wanda ya ƙera shi, in an gama a mayar wa masu shi. Kafin wannan rana ta zo akwai aikin da ba ya jiran kowa, kuma ba ya cin ko dala. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya ɗauko abin ya ajiye a gabansu, ya tambaya: wa ya kawo shi, daga ina, wa ya yi shi, a wace shekara, ta yunwa ce ko ta wadata, wane baƙo aka taɓa dafa wa shayi da shi. Ya ɗauki hoto da wayarsa, ya naɗi muryarsu, ya rubuta amsar a takarda da boko ko da ajami, ya ajiye tare da kayan. Batta in an kula da ita za ta ƙara wasu shekaru ɗari. Waɗanda suka san labarinta ba su da wannan lokacin, don haka da su ya kamata a fara.